Yadda Ake Rubuta Littafin Mai Rikiɗa Kyarkeci a Kan Ƙyama da Wariya

Labarin mutumin da ke rikiɗa ya koma kyarkeci yana jan hankalin marubutan da ke son yin magana a kan waɗanda al'umma ta mayar saniyar ware. Ga mutum da rana kamar kowa, yana zuwa aiki, yana gaisawa da maƙwabta, amma yana ɗauke da wani abu a jikinsa wanda in aka sani, zamansa a garin ya ƙare. Sai dai akwai ramin da yawancin irin waɗannan littattafai ke faɗawa tun kafin babi na biyar.

Idan mai rikiɗarka yana kashe mutane duk wata, to masu tsoronsa suna da gaskiya. Mutanen da aka tsangwama a tarihi saboda launin fata, ko addini, ko sana'ar da suka gada, ba su aikata abin da aka jingina musu ba. Da zarar ka siffanta su da dabbar da ke yaga mutane da gaske, ka miƙa wa mai ƙyama hujjar da bai taɓa samu ba a duniya. Mai karatu zai ji wannan ko da bai iya faɗa ba, kuma daga nan tausayin da kake nema a wurinsa zai fara tsiyayewa. Saboda haka aikin farko, tun kafin sunan tauraro, shi ne auna haɗarin.

Auna haɗarin da alƙalami

Ka ɗauki shafi ɗaya ka rubuta amsoshi da lambobi. Awa nawa rikiɗar ke ɗauka? Sau nawa a shekara? Hankalinsa yana tare da shi, ko rabi, ko ya tafi gaba ɗaya? Wace irin ƙofa ce za ta iya riƙe shi? A cikin shekara goma da suka wuce a duniyar littafin, mutum nawa masu rikiɗa suka kashe, kuma su nawa aka kashe?

Hanya uku ce a gabanka. Kana iya sa shi ya zama ba shi da haɗari ko kaɗan, hankalinsa cikakke ko yana cikin fatar kyarkeci. Nan labarin ya zama na ƙage da sharri, kuma yana iya yin kyau, amma kyarkecin kan koma ado kawai, mai karatu ya fara tambayar me ya hana a rubuta labarin ba tare da shi ba. Kana iya sa haɗarin ya zama ba shi da iyaka, babu ƙofar da ke riƙe shi. Wannan littafin ban tsoro ne ko na nadama, kuma bai kamata a ɗora masa nauyin wakiltar wata al'umma ba.

Hanya ta uku ita muke ba da shawara a bi: haɗari na gaske, amma mai iyaka, wanda za a iya kiyayewa. Daga cikar wata zuwa cikar wata kwana 29 da rabi ne, wato wajen awa 708. In rikiɗar awa goma ce, ba ta kai kashi biyu cikin ɗari na rayuwar mutumin ba, kuma ɗaki mai ƙofar ƙarfe ya isa. Amma doka ta hana shi aiki, da aure, da hayar gida, a dukan awa 708 ɗin. Wannan tazarar da ke tsakanin girman haɗari da girman hukunci ita ce siyasar littafinka. Duk babin da ka rubuta, ka tambayi kanka wa ke faɗaɗa ta, wa ke ci da ita, wa ke biyan kuɗinta.

Dokokin jiki

Yadda ake samun abin shi ke yanke irin wariyar da za ka rubuta. In gado ne, kana magana a kan jini da asali: binciken dangi kafin aure, iyalan da suka canza suna, kakar da aka cire hotonta daga bango. In ta cizo ne, kana magana a kan cuta da zargi: wa ya sa wa wani, wa ya ɓoye, da mutumin da jiya yake cikin masu jifa yau ya wayi gari cikin waɗanda ake jifa. In da zaɓi ne, maganar ta koma ta aƙida da ’yancin mutum a kan jikinsa. Ka zaɓi ɗaya. Masu haɗa ukun suna samun duniyar da ba ta da ƙashin baya, domin kowace hujja da wani tauraro ya kawo, wata dokar tana rushe ta.

Yana da kyau ka san cewa cizo, da azurfar da aka ce ita ke kashe mai rikiɗa, da cikar wata, finafinan Amurka na shekarun 1930 da 1940 ne suka yaɗa su har suka zama kamar dole. A shari'o'in Turai na ƙarni na 16 da na 17, abin da ake ambata shi ne ɗamara, ko fatar kyarkeci, ko man shafawa da aka ce Shaiɗan ya bayar. Ba wanda ya ɗaure ka da ko ɗaya. Mu dai muna ganin riƙe watan yana da amfani, saboda dalilin da zai zo a maganar tsari.

Sauran ƙananan abubuwa su ne ke sa a yarda da labarin. Kyarkeci babba yakan kai kilo 30 zuwa 50, mutum kuwa yakan fi haka, don haka ka yanke ko naka kyarkeci ne na sosai ko wani ƙato mai nauyin mutum, ka kuma tsaya a kan haka. Ina tufafinsa suke zuwa? Raunin da ya ji da dare yana nan da safe? A tsofaffin labarai yana nan, kuma da shi ake tona asiri. Kwana nawa yake yi kafin ya warware? Wata yana cika sau 12 ko 13 a shekara. Mutumin da ke fashin aiki sau goma sha uku, kullum a rana irin ɗaya, wani a ofis zai lura, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɗauki babi uku.

Akwai kuskure ɗaya game da kyarketai da ya kamata ka guje wa. Maganar cewa garkensu yana da wani shugaba da ya hau mulki da faɗa ta samo asali ne daga binciken da Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947 a kan kyarketan da ke tsare a gidan namun daji na Basel a Switzerland. Masanin kyarketai David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa ra'ayin, shi da kansa ya gyara a 1999 bayan ya lura da su a daji: garke iyali ne, uwa da uba da ’ya'yansu, kuma ’ya'yan kan bar gida tsakanin shekara ɗaya zuwa uku su nemi nasu. Wannan ya shafi jigonka kai tsaye. In ka nuna masu rikiɗa suna mulkin junansu da haƙori saboda halitta, ka sake tabbatar da abin da maƙiyansu ke faɗa. In kuwa kana son danniya a tsakaninsu, ka nuna tsarewa da matsi ne suka haife ta, kamar yadda ya faru da kyarketan Basel.

Abin da tarihi ya riga ya rubuta maka

Tun a ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, masanin tarihin Girka Herodotus ya rubuta cewa ana faɗin wata ƙabila mai suna Neuri, can arewa, kowannensu yakan koma kyarkeci na ’yan kwanaki sau ɗaya a shekara. Ya ce shi bai yarda ba, amma masu faɗa suna rantsuwa. Lura da wanda aka jingina wa abin: mutanen nesa, waɗanda ba sa wurin balle su kare kansu. A Habasha ma an daɗe ana zargin maƙera da masu ginin tukwane da Yahudawan ƙasar da komawa kuraye da dare. A Ingila ta tsakiyar zamani kuwa, wanda shari'a ta fitar daga kariyarta ana ɗaukarsa tamkar kyarkeci, kowa na iya kashe shi.

Shari'o'i uku sun cancanci ka karanta su da kyau. Peter Stumpp, manomi a Bedburg kusa da Kolon a Jamus, an kashe shi ranar 31 ga Oktoba 1589 bayan ya amsa laifi a ƙarƙashin azaba. Ya ce da wata ɗamara yake rikiɗa, ba a kuwa taɓa ganin ɗamarar ba, kuma an kashe ’yarsa da matar da yake tare da ita. Jean Grenier yaro ne makiyayi ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu a Faransa, wanda da bakinsa ya riƙa cewa shi mai rikiɗa ne. A 1603 kotun Bordeaux ta ga hankalinsa bai cika ba, ta tura shi gidan sufayen Kirista ya zauna har mutuwa. Sai tsoho Thiess a Livonia, yankin Latvia ta yau, wanda a 1692 ya gaya wa alƙalai cewa lallai shi mai rikiɗa ne, amma masu rikiɗa karnukan Ubangiji ne, suna yaƙar mayu su ƙwato irin shukar da suka sace. Aka yi masa bulala aka kore shi.

Kowannensu yana ba ka wani abu. Na farko ya nuna yadda hukunci ke haɗawa da dangi. Na biyu ya nuna tausayin hukuma, wanda shi ma ɗaurin rai da rai ne. Na uku shi ya fi daraja ga marubuci: mutumin da ya karɓi sunan da aka ba shi, ya ƙi karɓar ma'anarsa. Littafin da ba shi da irin Thiess, wanda ke bayyana kansa da kalmominsa, zai zama labarin da masu rinjaye ke bayarwa a kan wasu, ko da marubucin yana tausaya musu.

Gina dokar

Gungun mutane da cocila da bindigogi abu ne na dare ɗaya. Abin da ke cin mutum kullum takarda ce. Ka rubuta dokar ƙasar littafinka sashe-sashe, ko da ba za ta fito duka a ciki ba: rajista, katin shaida mai alama, wurin killacewa da wanda ke biyan kuɗinsa, ayyukan da aka haramta, aure, riƙon ’ya'ya, tafiya zuwa wata ƙasa.

Ba sai ka ƙirƙiro daga iska ba. Afirka ta Kudu ta yi dokar rajistar jama'a bisa launi a 1950, ba a soke ta ba sai 1991. A Hawai an riƙa kai masu cutar kuturta wani keɓaɓɓen wuri mai suna Kalaupapa daga 1866, dokar ta zauna har 1969. Japan ba ta soke dokar killace kutare ba sai 1996, shekaru da yawa bayan an sami magani. Amurka ta hana masu ɗauke da ƙwayar HIV shiga ƙasarta daga 1987 har Janairun 2010. Abin lura a cikinsu shi ne doka takan daɗe bayan dalilin da aka kafa ta da shi ya mutu, domin a lokacin an riga an sami ofisoshi da albashi da kwangiloli da suka dogara da ita. Ka sa wannan a littafinka.

Kada dokar ta sauko gaba ɗaya. Mataki uku sun isa littafi guda: rajista ta son rai da sunan taimako, sai rajista ta dole bayan wani mummunan abu ya faru, sai amfani da sunayen da aka tara don kwashe mutane. Kowane mataki ka nuna shi ta hannun ƙaramin ma'aikaci mai ladabi da ke cewa shi aikinsa yake yi.

Taurari

Masanin zamantakewa Erving Goffman ya bambance a 1963 tsakanin wanda abin ƙyamarsa a bayyane yake da wanda nasa a ɓoye yake. Na farko yana fama da yadda ake kallonsa. Na biyu yana fama da sarrafa labari: wa zai gaya wa, yaushe, wa ya riga ya sani. Mai rikiɗa na biyun ne, har ranar da ya koma na farko. Ka zana wa tauraronka taswirar sani, sunan kowa da abin da ya sani da babin da ya sani. Yawancin tashin hankalin littafin daga wannan takardar zai fito.

Masu rikiɗa kada su zama baki ɗaya. Aƙalla ka sami huɗu masu saɓani, kowanne da dalilin da mai hankali zai iya karɓa: mai ɓoyewa har ga ’ya'yansa, mai bin doka sau da ƙafa don a ga su ma mutanen kirki ne, mai son a bar gari a kafa wuri na daban, da mai cewa tunda an kira su dodanni bari su zama dodannin. Ka bar kowannensu ya yi nasara a wata muhawara. Ka kuma raba su ta dukiya. Mai kuɗi yana da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da likitan da ke rufa masa asiri, talaka yana kwana a kurkukun hukuma ko ya ɗaure kansa da sarƙa a kango. Haka nan sauran bambance-bambancen duniya suna nan ba su tafi ba. Mace mai rikiɗa, ko baƙon da ba shi da takardun zama, nauyinsu biyu ne. Littafin da ya share duk wata wariya ta gaske ya bar ta kyarkeci kawai yana fitowa da rami a tsakiyarsa.

A ɗaya ɓangaren, mafi muhimmanci ita ce wadda aka kashe wa ɗa da gaske. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma bai kamata ka raina tsoronta ba. Ka ba ta babi nata, ka bar ta ta faɗi maganar da tauraronka ba shi da amsarta. Mugu a labarin shi ne wanda ya ɗauki baƙin cikinta ya mayar da shi ƙuri'a ko kwangilar gina gidan killacewa.

Tsari

Wata shi ne agogonka. Littafi mai kalma 80,000 zuwa 90,000 yana iya zama babi talatin, kowanne wajen kalma 3,000. Ka shimfiɗa su a kan wata shida, babi biyar ga kowane wata, ka rubuta kwanakin a kalanda ta gaske don kada ka sa wata ya cika sau biyu cikin mako uku. Cikakken wata yana fitowa ne wajen faɗuwar rana ya faɗi wajen fitowarta, saboda haka tsawon rikiɗa yana bin tsawon dare. A arewacin Turai daren Disamba yana kai awa 16, na Yuni kuwa bai kai takwas ba. In ka fara labarin a Yuli ka ƙare a Disamba, kowace rikiɗa ta fi ta baya tsawo, matsin yana ƙaruwa da kansa.

Kada ka nuna rikiɗar dalla-dalla fiye da sau uku. Ta farko don a ga zafinta, ta biyu ta idon wani da ke kallo, ta uku lokacin da ma'anarta ta canza ga mai ita. Sauran ka tsallake zuwa safiya, domin a nan labarin yake: neman tufa, duba farce, ƙoƙarin tuna inda aka je, sauraron labarai da faɗuwar gaba. In kana rubutu daga cikin kyarkecin, ka sa hanci a gaba da ido, ka rage launuka tunda ba ya bambance ja da kore kamar mutum, ka cire sunayen mutane ka bar warinsu. Ka kuma bar masa wani daɗi a ciki, gudu ko ’yanci ko zumunci. In abin azaba ce zalla, babu dalilin da zai sa wani ya ƙi magani, kuma muhawarar littafin ta mutu.

Inda ake tuntuɓe a ƙarshe

Ƙarshe biyu ne ke ɓata aikin. Na farko shi ne a sami magani kowa ya warke, wanda ke nufin matsalar tun asali a jikinsu take. In za ka kawo magani, kawo shi a tsakiya, ka sa tambayar ta zama wa za a tilasta wa sha. Na biyu shi ne tauraro ya ceci garin sai a karɓe shi. Wannan yana koyar da cewa mutunci lada ne na jarumta, ya kuma bar gurgu da tsoho da matsoraci a cikinsu ba su da komai. Canjin da mai karatu zai yarda da shi ƙarami ne: sashe ɗaya na doka ya faɗi, iyali ɗaya ya buɗe ƙofa, wani kuma ya rufe tasa har abada.

Ka guji sa masu rikiɗa su tsaya daidai a madadin wata al'umma guda ta gaske, domin duk abin da kyarkecin ya yi za a karanta shi a kanta. Ka ɗebo daga wurare da yawa, kamar misalan da suka gabata, ka bar su su zama kansu.

Idan daftarin farko ya kammala, ka bi shi sau biyu da alƙalami. A bi na farko ka ja layi a ƙarƙashin duk inda wani tauraro ya tsaya yana jawabi a kan adalci fiye da jimla uku, ka maye gurbinsa da abin da ya faru da shi a layin rajista ko a gaban mai gidan haya. A bi na biyu ka ɗauko shafin lambobin da ka rubuta tun farko, ka duba kowane dare na cikar wata. Duk inda ka ƙara wa kyarkecin ƙarfi don babin ya yi armashi, ko ka rage masa haɗari don a tausaya masa, ka mayar da shi yadda shafin ya ce, ka sake rubuta babin a kan haka.